Kabejin da Ke Ɓacewa a Kicin ɗin Mai Murfi

Ba da wannan suna aka haife ta ba. Matan kamfanin ɗinki ne suka liƙa mata Mai Murfi, kuma ba don ƙauna ba. Shekara goma sha ɗaya tana dafa wa mata ɗari da ashirin abincin rana, amma ba wadda za ta rantse ta taɓa ganin ta karkata jarkar mai cikin tukunya. Wani shuɗin murfi gare ta, na jarkar farko da ta buɗe a kicin ɗin. Jarkoki sun zo sun wuce, shi yana nan a aljihun rigar aikinta. Shi take cikawa, ta ɗaga shi daidai ido kamar mai auna maganin jariri, sannan ta juye. Bakwai a babbar tukunya, huɗu a ƙarama. Ko mai kamfanin ne zai ci, bakwai ɗin nan ne.

Kicin ɗin wani dogon ɗaki ne a bayan ɗakin kekuna. Murhun gas uku ne a ciki, na tsakiya sai an buga masa ludayi yake kamawa. Akwai famfo, akwai ɗan sito na buhuna, sai taga ɗaya da ake miƙa faranti. Ta wannan tagar ake yaƙin duniya kullum ƙarfe ɗaya, idan ƙararrawa ta kaɗa.

Mai Guga ce kan gaba a layi, wata dirkekiyar mace da ke goge riguna kafin a naɗe su, bakinta ya fi dutsen gugarta zafi. Takan leƙa farantinta ta ce, “Yaya, yau ma mai daga nesa ya ɗaga wa miyar hannu?”

“In mai kike so, ga na keken ɗinki can, ki lasa.”

“Wake, ganye, kabeji. Jiya karas. Mu awaki ne?”

“Akuya ta fi ki gudu. Matsa, akwai mutane a bayanki.”

Sai a yi dariya a wuce. Masu dariyar da yawa ba su san daga ina murfin ya fito ba.

Mai Murfi na da shekara ashirin da huɗu sankarar mama ta kama mahaifiyarsu. Ita ta yi jinya, ita ke wanke tsumman ciwon. Abin da bai taɓa barin idonta ba, ba ciwon ba ne, yadda abin ya fara ne. Innar tasu ta koma yin komai da hagu, gwiwar hannun dama a manne da haƙarƙari kamar mai ɓoye ƙwai, an tambaye ta ta ce sanyi ne. Ta rasu ta bar mata ƙanwa 'yar shekara tara, Auta, Mai Murfi ce ta goya ta har ta aurar da ita. Bayan shekaru ciwon ya dawo gidan, kamar ya manta takalminsa, ya ɗauki babbar yayarsu.

A jinyar nan ta biyu ne, suna zaune a kan bencin asibiti, wata nas ta tsaya tana yi wa mata bayani. Ta ce a rage maiƙo da zaƙi, kada a bar ƙiba ta yi yawa, a yawaita ganye da wake da 'ya'yan itace, a riƙa motsa jiki, hakan na rage haɗarin ciwon. Sannan ta ce duk macen da abin ke cikin danginta, ta riƙa zuwa ana duba ta tun ba ta ji komai ba.

Magana biyu nas ta faɗa. Mai Murfi ta ɗauki ɗaya, ta bar ɗaya a kan benci. Ta farkon aikin hannu ce, ita kuwa ba a fi ta hannu ba. Ta biyun sai an kwanta a bayan labule, ita kuma mutum biyu ta raka bayan labulen nan, ta san yadda suka fito. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

To, da a kan tukunya ta tsaya, da da sauƙi. Amma sai abin ya hau mata baki. Duk macen da aka ce ba ta da lafiya, kafin ta ce Allah ya ba ta sauƙi sai ta ce, “Me take ci?” Da aka ce an yi wa wata mai ɗinka maɓalli aiki a nono, ta ajiye wuƙa ta ce, “Ai kullum tana bakin get wurin mai suyar kaji. Abin da mutum ya shuka.” Ba mugunta ba ce. Tsoro ne ya sa zane ya fito kasuwa. In har laifin faranti ne, ita da Auta sun tsira, tunda farantinsu a hannunta yake. Auta na gefe tana yankan albasa lokacin da aka yi maganar.

Auta ita ce ta biyu a kicin ɗin. Shekararta talatin da takwas, 'ya'ya uku, mijinta direban babbar mota ne da ke kwana biyu a gida, goma a hanya. Mace ce mai jiki, mai dariya har da dukan cinya, kuma Allah ya jarabce ta da son soyayyar kaza da lemon kwalba mai sanyi. Takan ce za ta je sayen ashana, ta dawo leɓe na ƙyalli.

“Zo nan. Huro min iska.”

“Haba Yaya, da 'ya'yana uku?”

“Ko jikoki gare ki. Huro.”

Haka suke, har lokacin da kabeji ya fara ɓacewa.

Mai kayan miya kan sauke goma kowace safiya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In an zo yanka sai ta ga tara. Ta zargi ɓera, sai ta tuna ɓera ba ya ɗaukar kabeji ɗungurungum. Ta zargi mai shara, har ta daina amsa mata gaisuwa da kyau. Ran nan ta shiga sito ɗebo gishiri, sai ga Auta a tsugune bayan buhunan shinkafa, da rabin kabeji ɗanye a hannu, tana tusawa tana haɗiyewa da ƙyar, ido ya yi ja.

“Ke ce ɓeran?”

Auta ta sunkuyar da kai. “Na ga kin ce yana da amfani.”

Ranar nan Mai Murfi kamar an yi mata bushara. Shekara nawa tana wa'azi, yau dutse ya tsattsafo da ruwa. Auta ta bar kaza, ta bar lemo, ta daina sa sukari a shayi. Ta daina hawa bas, sai ta tako tun daga gida, ta iso tana haki. Wata biyu, riga ta fara yi mata yawa. Mai Murfi ta riƙa nuna ta ta taga da ludayi.

“Ku dubi Auta. Ku dubi wuya ya fito. Ke Mai Guga, yaushe rabonki da ganin naki?”

“Nawa yana nan, ajiya na ba shi,” in ji Mai Guga. Ta ɗan ƙura wa Auta ido ta ce, “Amma ita wannan, har da dariyar kika hana ta ci?”

Mai Murfi ta juya ga tukunya. Gaskiya ne, an kwana biyu ba a ji dukan cinya a kicin ba. Ta ce wa ranta kewar kaza ce.

Akwai kuma tambayoyi. Suna tsince wake, Auta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Yaya, shi ganyen nan, kwana nawa yake yi kafin ya fara aiki?”

“Tun daga lomar farko.”

“Ko da a ce... akwai wani abu a jikin mutum? Yana narkar da shi?”

“Abinci ai magani ne. Ke dai ci.”

Ta faɗa ta wuce duba wuta. Wannan amsar ita ce daga baya ta riƙa tashinta tsaye a tsakiyar aiki.

Wata Laraba, saura minti goma ƙararrawa ta kaɗa, suka zo sauke babbar tukunyar shinkafa su tace. Aikin mutum biyu ne, kowa da kunnensa, kuma shekara da shekaru kowa ya san gefensa: Auta ta gefen famfo, ta kama da dama. Ranar sai Auta ta zagayo.

“Yaya, mu yi musanya.”

Ta naɗe tsumma a hannun hagu ta kama. Hannun dama kuwa, gwiwarsa na manne da haƙarƙari.

Tururi na dukan fuskar Mai Murfi, amma sanyi ta ji tun daga tafin ƙafa. Ba Auta take gani ba, Inna take gani a tsakar gida da tsintsiya a hagu. Ta ce, “Ajiye.” Ta kashe murhu ukun ɗaya bayan ɗaya, ta kama zanen ƙanwarta ta ja ta sito, ta tura ƙofa da ƙafa.

“Buɗe.”

“Yaya, shinkafa za ta caɓe.”

“Ta zama kunu. Buɗe.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Auta ta ɗaga riga, ta kama yatsun yayarta ta kai su wurin, can sama kusa da hammata. Yatsun da ke gane tumatir mai ruɓa a ƙasan kwando ba su sha wahalar nema ba. Ƙullutu ne mai tauri, kamar ƙwallon dabino, ta tura shi bai gusa ba.

“Tun yaushe?”

“Wata huɗu. Da kamar ƙwayar wake yake.”

“Wata huɗu.” Mai Murfi ta janye hannunta. “Kullum muna tare, tukunya ɗaya muke kamawa. Me ya hana ki faɗa min?”

Auta ta sauke riga, ta gyara ta a hankali. “Da na faɗa, me za ki fara tambayata?”

Tambayar na nan a kan harshen Mai Murfi, a shirye, kamar kullum.

“Kin gani,” in ji Auta. “Na ce bari in gyara tukuna. In ya narke, shi ke nan, ba wanda ya ji. Ba na so in kwanta kina kallona kina cewa ni na ci da bakina. Kabejin nan, Yaya, wallahi ko warinsa ba na so. Na ci ya fi ɗari.”

Ƙararrawa ta kaɗa. Suka ji kekuna sun tsaya, takalma sun taho, an fara buga cokula a faranti. A shekara goma sha ɗaya, ranar ce aka fara iske taga a rufe. Da ta buɗe, shinkafa ta caɓe, Mai Guga ta shirya baki.

“Yau kuma asibiti aka mayar da mu, ko haƙoranmu aka...” Ta ga fuskar, ta haɗiye sauran. Ta karɓi farantinta ta ce a hankali, “Sannu da aiki, Yaya.” Wannan sannun ta fi duk baƙar maganarta ciwo.

Washegari suka sa wata daga ɗakin shirya kaya ta riƙe kicin, suka hau bas na farko. Asibitin bai canja ba: dogon baranda, benci mai sanyi, warin maganin goge ƙasa, mata a jere kowa ta rungume jakarta. Mai Murfi ta je tagar kati ta ce a ba ta ɗaya.

“Biyu,” in ji Auta daga bayanta.

“Ni lafiyata ƙalau.”

“Wa ya gaya miki? Murfi?”

“Auta, ba lokacin wasa ba ne.”

“Ba wasa nake ba. Uwa ɗaya ta haife mu. In ba ki shiga ba, ba na shiga. Mu koma mu ci kabeji.” Ta nemi benci ta zauna, ta harɗe ƙafa.

Mai ba da kati ya dube su ta saman tabarau. “Mama, layi na jira.”

Mai Murfi ta ce biyu. Ta miƙa hannu ta karɓa.

Likitar mace ce, ba ta kai Auta shekaru ba. Ta duba Auta a bayan labule, ta daɗe, ta fito ta wanke hannu, ta ce za a ɗauki hoto, a kuma ciri ɗan nama da allura a kai gwaji. Mai Murfi ta matso da kujera.

“Likita, don Allah ki gaya min gaskiya. Mai ne? Tana cin soyayyar kaza a ɓoye.”

“Mama, ba wanda zai nuna faranti ɗaya ya ce shi ne. Abinci mai kyau da rage ƙiba da motsa jiki suna rage haɗari, ki ci gaba da abinki. Amma ragewa suke yi, ba sa kulle ƙofa. Akwai wadda ba ta taɓa kaza ba, ya same ta. Balle ku da ya taɓa uwa da 'yar'uwa.”

“To ganye fa? In abin ya riga ya fito?”

“Ba ganyen da ke narkar da shi.”

Sannan Mai Murfi ta yi tambayar da ta hana ta cin abinci tun jiya. “Wata huɗun da ta zauna da shi fa?”

Likita ba ta yi mata ƙarya ba. “Da ta zo tun lokacin, da ya fi. Amma yau ta fi gobe. Yanzu ke hau gadon.”

Ta hau. Ta kwanta tana kallon silin, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta, tana jin Auta daga bayan labule tana cewa, “Likita, ki duba ta da kyau, ta iya ɓoye abu a aljihu.”

Aka ce su dawo bayan kwana tara. Kwana tara ba komai ba ne ga mai lafiya. Mai Murfi ta riƙa zuwa aiki kamar wadda aka aiko. Ta cika murfi ta juye, ta cika ta juye, sai ta tsaya: na huɗu ne ko na biyar? Ita da ba ta taɓa ɓata ƙirga ba. Wata rana miya ta fito da mai yana yawo a sama, ba wadda ta yi murna, don zancen ya riga ya zaga ɗakin kekuna. In Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki abu, sai ta riga ta. In Auta ta yi tari, sai ta juyo. Ta je ta sami mai shara ta ba ta haƙuri a kan kabeji, matar ba ta ma san an zarge ta ba. Mai kayan miya ya sauke goma, aka zo yanka goma, ta tsaya tana kallon na goman kamar shi ya yi mata laifi. Garin neman gira, in ji masu magana. Ba ta yarda ta ƙarasa karin maganar ko a zuci ba.

Ran na tara mijin Auta ya ajiye mota ya biyo su, yana ta juya hula a hannu. Likita ta buɗe takarda. Na Mai Murfi ba a ga komai ba, ta dawo baɗi war haka. Ko a jikinta, ba wannan ta zo ji ba.

“Na ƙanwarki shi ne,” in ji likita. “Ya taɓa hammata kaɗan, amma ba mu ga ya wuce nan ba. Za a yi aiki, sannan a bi da magani na wasu watanni. Irin wannan muna samun nasara a kansa sosai. Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba.”

“Da ta zo da wuri, da bai taɓa hammatar ba?”

“Yaya,” in ji Auta, “bar shi haka.”

Ba ta bar shi ba, har yau tana ɗauke da shi. Amma ba ta sake tambaya ba.

An yi aikin. Yanzu Auta na tsakiyar magani, gashi ya zube, ta ɗaure kai da ɗankwali biyu. Ranar da ta ji dama takan zo ta zauna a kujera bakin ƙofar kicin, wai gida shiru ya yi mata yawa. Abinci ba ya zama a cikinta. Likita ta ce duk abin da ranta ya karɓa a ba ta, kada ta rame ta kasa ɗaukar magani.

Murfi bakwai na nan a babbar tukunya, wake da ganye ba su fasa ba. Sai dai an kafa ƙusa a gefen taga, katin asibiti biyu na rataye, kuma tambayar ta canja. Mai Guga ta miƙo faranti, aka riƙe shi.

“Yaushe za ki je a duba ki?”

“Yaya, da mai kika hana mu, yanzu kuma riga za ki tuɓe mana?”

“Yaushe?”

“Asabar. Sakar min faranti.”

“Asabar ɗin da ta wuce ma haka kika ce.”

Shekaranjiya, bayan an watse, Auta ta kwana biyu ba abin da ta ci sai ruwan shayi. Tana zaune ta jingina kai da bango, ta ce kamar mai magana da kanta, “Da zan sami ɗan cinyar kaza.”

Mai Murfi ta miƙe. Ta fita bakin get, ta wuce mai suya, ta sayo ɗanyar cinya a shagon gaba. Ta ɗora ƙaramin kasko, ta sa hannu a aljihu, ta taɓa murfin, ta bar shi a inda yake. Ta ɗaga jarka da hannu biyu ta karkata. Hannun bai saba ba, mai ya zubo har kan murhu.

Auta ta ci loma biyu, ta uku ta tsaya mata. Ta ture farantin ta ce, “Gishiri ya yi kaɗan.”

“Gobe na ƙara.”

Ta rufe sauran da faranti ko za ta nema an jima. Sannan ta je bakin taga ta juya katin Auta, ta sake duba ranar komawa, duk da ta san ta. Saura kwana goma sha shida.